Jinginar Farantin Sola A Kan Rufi: Jan Hankali Ga Magidanta

Wanda ya bi ta Unguwar Sarki da ke Kaduna a 'yan shekarun nan, ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje da shaguna, zai ga farantan sola jere suna shan rana. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ciyar da janareta ya fi ƙarfin magidanta da yawa, sai aka koma ga hasken da Allah ya hore mana kyauta. Amma fa sayen faranti daban, iya ɗora shi daban. Wani ya shimfiɗa nasa kamar tabarma, wani kuma ya miƙar da shi tsaye kamar allon makaranta, don haka ya gani a bidiyon Turawa.

To, jama'a, Bature yana da dalilinsa. Birnin Landan yana nesa da layin tsakiyar duniya da digiri 51, rana ba ta hawa tsakar kansu ko sau ɗaya a shekara, dole su tayar da faranti sosai ya tare ta. Kaduna kuwa digiri 10 da rabi ne kawai a arewa da wannan layi. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a karkata faranti gwargwadon nisan gari daga tsakiyar duniya, fuskarsa na kallon kudu. Ke nan mu a nan digiri 10 zuwa 15 ya ishe mu. Rufin kwano mai ɗan gangare, wanda wasu ke rainawa, sau da yawa shi ne daidai da bukata.

Me ya sa kudu? Ku lura da inuwarku da tsakar rana. Daga ƙarshen Agusta har tsakiyar Afrilu, wata bakwai da 'yan kai, rana tana bi ta kudu da mu, inuwa na faɗuwa arewa. A ƙarshen Disamba takan kauce wa tsakar ka da digiri 34. Sauran watannin tana leƙawa arewa, amma ko a ƙarshen Yuni kaucewar ba ta wuce digiri 13, kuma lokacin hadari ya riga ya rufe sama. Saboda haka wanda gangaren rufinsa ke kallon arewa shi ne ke da aiki. In gangaren digiri 10 ne, to a tsakar ranar Disamba hasken da zai faɗa wa farantinsa tsaye bai fi kashi 72 cikin ɗari ba, alhali maƙwabcinsa mai kallon kudu yana samun kashi 91. Irin wannan mai gida sai ya sa mai walda ya yi masa ƙafafu, ko ya koma ɗaya ɓangaren rufin. Wanda nasa ke kallon gabas ko yamma, in dai gangaren kaɗan ne, asararsa ba ta kai kuɗin ƙarfe ba, ya bar shi yadda yake.

A nan akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Mun saba cewa alƙibla gabas ce, sai mutum ya dubi yadda ake tsayuwar sahu a Masallacin Sultan Bello, ya miƙa hannun dama ya ce ga kudu nan. Alƙiblar Kaduna ta karkata arewa da gabas ta sosai da kusan digiri 23, don haka hannun damanka ma ya kauce wa kudu da wannan gwargwado. Hanya mai sauƙi ita ce ta malamanmu na dā masu duba zawali. Ka kafa sanda a tsakar gida, ka jira wajen ƙarfe 12 da rabi lokacin da inuwarta ta fi gajarta, ka ja layi a kanta. Wannan layin shi ne kudu da arewa.

Auna gangare ba ya bukatar injiniya. Ka sami katako mai tsawon mita ɗaya, ka dafa bakinsa ɗaya a kan kwano, ka daidaita shi a kwance da ma'aunin ruwa na magina, sannan ka auna tazarar ɗaya bakin zuwa rufi. Santimita 18 digiri 10 ke nan, santimita 27 kuma digiri 15. A kan rufin kankare, faranti mai tsawon mita 2 za a ɗaga bayansa da santimita 35 zuwa 52.

Wani zai ce, tun da rana a tsakar ka take, me zai hana a kwantar da shi gaba ɗaya? Ta fuskar haske kam bambancin ƙanƙane ne. Ƙura ce abin tsoro. Farantin da ke kwance yana tara ruwa a gefen ƙarfensa, ruwan ya bushe ya bar laka, lakar ta toshe layin ƙasa, kuma layi ɗaya in ya shiga duhu yana jawo sauran baya. Gangaren digiri 10 yana barin ruwan sama ya yi wanki da kansa. Da hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, babu ruwan da zai taimake ka. Sai ka wanke da tsumma mai laushi da ruwa zalla, da sassafe ko bayan la'asar, kada a zuba ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗau zafi. Kuma don Allah a daina aika yara kan rufi.

Sai iskar farkon damina, wadda duk mutumin Kaduna ya san yadda take yaye kwano a Afrilu da Mayu. Duk yadda ka ƙara tayar da faranti, haka kake ba iska wurin kamawa. A ɗaure ƙafafun a jikin katakon rufi, da noti mai roba saboda yoyo, domin kwano shi kaɗai ba ya riƙe komai. A bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin faranti da kwano iska ta riƙa ratsawa, don ƙarfin da aka rubuta a jikinsa a zafin digiri 25 aka gwada shi, kuma yana raguwa in ya yi zafi. A duba tankin ruwa da reshen mangwaro ko darbejiya, kada inuwarsu ta hau shi tsakanin hantsi da la'asar. In layi biyu ne, a bar tsakaninsu ninki biyu na tsayin na gaba.

Ya kai mai gida, kafin ka biya mai haɗa maka sola cikon kuɗinsa, ka sa ya nuna maka kudu da inuwar sanda, ya auna gangaren a gabanka, ka kuma ga notin da ya kama katako da idonka.