Fitowar Gyara a Buɗaɗɗun Rumbunan Bayanai da Makomar Baƙaƙen Hausa Masu Ƙugiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abin da ake kira fitowar gyara, wato sabon bugun manhaja da ake fitarwa domin toshe tangarɗa kaɗai, ta kuma auna ta da buƙatun mai adana kalmomin Hausa a rumbun bayanai na kwamfuta. An ɗauko misalai daga manhajojin PostgreSQL da SQLite da MySQL, an kuma yi amfani da sunayen unguwannin Gwale wajen bayyana yadda na'ura ke jeranta baƙaƙe. Maƙalar na ganin cewa fitowar gyara ba ta warkar da bayanan da suka riga suka lalace, kuma akasarin matsalolin da rubutun Hausa ke fuskanta a waɗannan rumbuna ba a lissafa su cikin tangarɗa tun farko.

1.0 Gabatarwa

Tsohon mazaunin Jami'ar Bayero yana cikin Ƙaramar Hukumar Gwale, daf da ganuwar birnin Kano. Jami'ar ta daɗe tana hidimar ƙamus. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ce ta samar da Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci a 1977, ta kuma fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. A da, irin wannan aiki da katuna ake yin sa, kowace kalma da katinta, a jera cikin akwati da hannu. Yau rumbun bayanai ya maye gurbin akwatin, kuma yawancin rumbunan da masu bincike ke iya samu ba tare da biyan kuɗi ba buɗaɗɗu ne: rubutun da aka gina manhajar da shi a fili yake, kowa na iya karantawa, ya kai rahoton aibi, ko ya kawo gyara.

Abin da ya sauya shi ne wanda ke jera katunan. A da malami ne da ya san cewa baki daban, baƙi daban. Yanzu manhaja ce da ake sabuntawa sau da dama a shekara, a wurare masu nisa da Kano. Saboda haka ya kamata manazarcin Hausa ya san abin da kowace sabuntawa ke taɓawa da abin da take bari.

2.0 Mece Ce Fitowar Gyara?

PostgreSQL ta samo asali ne daga wani aikin bincike da Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley daga 1986. Tun daga bugu na 10 da ya fito a 2017, lambar kowane bugu kashi biyu ce. A 14.4, alal misali, 14 babban bugu ne, 4 kuwa fitowar gyara ce ta huɗu a kansa. Babban bugu sau ɗaya yake fitowa a shekara, shi ne ke zuwa da sababbin abubuwa, kuma ana kula da shi tsawon shekara biyar. Fitowar gyara kuwa an tsara ta ne sau huɗu a shekara, ranar Alhamis ta biyu a watannin Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba. Ƙa'idarta ita ce kada ta sauya ɗabi'ar da masu amfani suka dogara da ita. Ta toshe ɓaraka kawai. Ta yi kama da takardar gyaran kurakurai da maɗaba'a ke maƙalawa a littafi, ba sabon littafi ba ce.

Wani lokaci akan karya jadawalin. A ranar 16 ga Yuni, 2022, aka fitar da 14.4 ba a kan lokaci ba, domin an gano wani aibi a bugu na 14, wanda ya fito a ƙarshen Satumba, 2021. Aibin ya shafi fihirisa, wato jerin da rumbu ke ajiyewa a gefe domin ya gano bayani ba tare da ya bi layi-layi ba. Akwai hanyar gina fihirisa alhali jama'a na ci gaba da rubutu a rumbun. A bugu na 14 an shigo da wata dabara ta hanzarta share tsofaffin layuka, sai ya zamana layin da aka sauya a daidai lokacin ginin yana iya kuɓuce wa fihirisa. Bayanin yana nan a rumbu, amma mai nema ba zai same shi ba, kuma babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa. Masu manhajar sun janye dabarar a 14.4, sannan suka shawarci duk wanda ya gina fihirisa ta wannan hanya da ya sake gina ta, suka kuma nuna cewa ana iya bincika lafiyarta da manhajar pg_amcheck.

Wannan shawara ta ƙarshe ita ce muhimmiya a nan. Ɗora 14.4 ya hana sabuwar ɓarna, amma bai taɓa tsohuwar ba. Wanda ya sabunta manhaja bai karanta bayanin fitowar ba, ya rufe ƙofa ne bayan ɓarawo ya fita da kaya. A aikin ƙamus, ma'anar hakan ita ce ɗalibi ya nemi kalma, na'ura ta ce babu, shi kuma ya rubuta a kundinsa cewa kalmar ba ta cikin taskar.

3.0 Fihirisa da Jerin Baƙaƙe

Akwai wata hanya ta biyu da fihirisa ke lalacewa, wadda ta fi kusa da fagen nazarin harshe. Fihirisar kalmomi a jere take, kuma rumbu na nema a cikinta ne kamar yadda mutum ke nema a ƙamus: ya buɗe tsakiya, ya duba ko kalmarsa na gaba ko na baya, ya sake rabawa. Wannan ba ya yiwuwa sai tsarin da aka bi wajen jerawa ya zama shi ake bi wajen nema.

To wane tsari? A ɗauki sunayen wasu unguwanni: Diso, Ɗorayi, Galadanci, Goron Dutse, Gyaranya, Kabuga, Ƙofar Na'isa, Mandawari. Haka duk wanda ya yi firamare a Gwale zai jera su. Amma a tsarin Unicode kowane harafi lamba ne. D lamba ta 68 ce, Z ta 90, Ɗ kuwa ta 394, Ƙ ta 408. Rumbun da ke jerawa da lamba tsagwaronta, kamar yadda SQLite ke yi in ba a ba ta wani umarni ba, zai tura Ɗorayi da Ƙofar Na'isa can bayan Mandawari, bayan ma duk wani suna da ya fara da Z. A ƙananan baƙaƙe abin ya fi haka rikicewa, domin ƙ lamba ta 409 ce, ƴ ta 436, ɓ ta 595, ɗ ta 599. Dalili kuwa shi ne ƙananan ɓ da ɗ sun shiga Unicode ne ta rukunin alamomin ilimin furuci, manyansu kuma ta wani rukuni daban. Sai a wayi gari ƙasa ta riga ɓera a jeri.

Maganin wannan shi ne ƙa'idojin jeranta baƙaƙe na kowane harshe. Taskar CLDR ta hukumar Unicode tana da na Hausa, inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, ƙ ke bin k, ƴ ke bin y, kuma aka ɗauki baƙaƙe masu goyo sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu bayan s da t. A wannan tsari, jerin sabo, shanu, siminti, suna yakan koma sabo, siminti, suna, shanu. Tsamiya kuma sai ta zo bayan tulu. PostgreSQL na iya aiki da waɗannan ƙa'idoji ta hanyar manhajar ICU tun daga bugu na 10. In ba haka ba, ta saba aron tsarin jerawa daga manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wanda a Linux yawanci glibc ce.

A nan hatsarin yake. A watan Agusta na 2018 aka fitar da glibc 2.28, wadda ta sabunta ƙa'idojin jerawa baki ɗaya domin su dace da ma'aunin ISO 14651 na 2016. Gyara ne na gaskiya, amma duk rumbun da aka gina fihirisarsa a tsohon tsari aka kuma sabunta kwamfutarsa, ya shiga halin mai neman kalma a ƙamusun da aka jera da wata ƙa'ida daban. A ƙaddara an ajiye shanu tsakanin sabo da siminti, sannan sabon tsari ya ce a neme ta bayan suna. Rumbu zai je can, ya tarar babu. Mafi muni, idan an gindaya sharaɗin kada kalma ta shiga sau biyu, zai karɓi shanu ta biyu da zuciya ɗaya, tunda bai ga ta farko ba. Bugunnan PostgreSQL na baya-bayan nan sukan riƙe lambar tsarin jerawar da aka yi amfani da shi, su yi gargaɗi idan ya sauya. Gargaɗi ne kawai. Sake gina fihirisa aikin mai rumbu ne.

4.0 Abin da Ba a Ɗauka Tangarɗa Ba

Duk abin da ya gabata masu manhaja sun yarda matsala ce. Akwai kuma wanda a wurinsu zaɓi ne da aka yi da gangan, don haka babu fitowar gyaran da za ta zo dominsa. SQLite, wadda D. Richard Hipp ya fara fitarwa a 2000, kuma take cikin kusan kowace wayar zamani, ba ta san babba da ƙaramin baƙi ba sai a haruffa 26 na Ingilishi. Mai neman kano zai iya samun Kano, amma mai neman ƙasa ba zai samu Ƙasa ba. An rubuta haka ɓaro-ɓaro a bayanan manhajar, an kuma tanadi ƙarin ICU ga mai buƙata.

MySQL ta daɗe tana ɗaukar tsarin latin1 a matsayin na asali, wanda ba shi da gurbin baƙaƙe masu ƙugiya. Gwargwadon yadda aka saita ta, ko dai ta ƙi karɓar harafin, ko ta ajiye alamar tambaya a madadinsa. Bugu na 8.0 da ya fito a 2018 ya koma utf8mb4, wanda ke ɗaukar su duka. Sai dai harafin da ya riga ya zama alamar tambaya ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta san ko ɓ ne ko ɗ ko ƙ. Sannan tsarin jerawar da 8.0 ke zuwa da shi ba ya kula da alamomin da ke saman wasali. Wannan alheri ne ga mai shago, amma ga mai ƙamus da ke nuna karin sauti da tsawon wasali asara ce, domin gado na kwanciya da gado na magada za su zama kalma guda, haka ma gada ta ƙetare kogi da gada ta daji.

Batun alhamza ya fi duka ɗaure kai. A harshen umarni na SQL, alamar da muke sawa a Na'isa da Sa'idu da 'ya'ya ita ce ke buɗe zance da rufe shi, don haka manhajar da ba a gina da kula ba takan sarƙe da irin waɗannan sunaye. Masu PostgreSQL kansu sun gyara wata ɓaraka ta tsaro a sashen da ke kula da alamomin zance a 17.3, ranar 13 ga Fabrairu, 2025, sai gyaran ya haifar da wata matsala, suka fitar da 17.4 bayan mako guda, ranar 20 ga wata. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa a kwafi rumbu a ajiye, a kuma gwada sabon bugu a kan kwafin kafin a ɗora shi kan na ainihi.

Amma rabin matsalar alhamza tamu ce. Unicode na da aƙalla alamomi uku da ke kama da juna a ido: miƙaƙƙiya ta allon rubutu mai lamba 39, lanƙwasasshiya mai lamba 8217 da manhajojin rubutu ke sauyawa da kansu, da mai lamba 700 wadda aka ware a matsayin harafi. Idan ɗalibai uku suka shigar da kalmar 'ya'ya, kowa da kwamfutarsa, ana iya samun kalmomi uku; idan na huɗu daga Maraɗi yake ya rubuta ƴaƴa bisa ƙa'idar Nijar, sun zama huɗu. Duk wani ƙidayar yawan kalma da aka yi a kan irin wannan taska ya gurgunce tun kafin a fara.

A ganin wannan maƙala, abu biyu sun rataya a wuyan sassan nazarin Hausa. Kundin da ya dogara da rumbun bayanai ya kamata ya ambaci sunan manhaja da cikakkiyar lambar bugunta da tsarin jerawar da aka zaɓa, kamar yadda ake ambaton bugun littafin da aka nazarta, domin sakamakon 14.3 na iya saɓa wa na 14.4. Sannan ƙa'idojin Hausa da ke CLDR mutane ne suka shigar da su, taskar kuma na karɓar gyara. Ko sh da ts za su zauna a matsayin haruffa masu zaman kansu, ko gw da ky da ƙw su ma sun cancanci haka, da kuma wace alama ce alhamzar Hausa a kwamfuta, tambayoyi ne na ƙa'idojin rubutu, irin waɗanda aka zauna a kansu a Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Rahoton da zai yi tasiri a wurin masu manhaja gajere ne: lambar bugu, kalmomi biyar ko shida, jerin da na'ura ta bayar, jerin da ya kamata ta bayar, da shafin ƙamusun da ke tabbatar da shi.