Ƙwaron da ke kashe murzuna

Kowane manomin hatsi ya san murzuna. Ita ce tsutsar da ke shiga zangarniya, ta bi ta tana kewayawa, ta bar sawu kamar an naɗa zare. Inda ta bi babu ƙwaya. Ɓarnarta ta yi yawa a ƙasar Nijar tun bayan farin 1972 zuwa 1974.

Malamman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da ma'aikatan INRAN na Tarna, sun daɗe suna binciken wannan tsutsa. Cikinsu akwai malam Ibrahim Bawa, masanin ƙwari. Ba su bar saninsu cikin takarda ba. Sun shiga karkara, sun zamna da manoma, sun yi musu bayani. Ga abin da suka koyar.

Daga ina murzuna take fitowa?

Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare. Idan hatsi ya fidda kai, sai ta yi ƙwai bisa zangarniya. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito ta kama ci. Idan ta ƙoshi, sai ta sauka ta shige ƙasa. Nan take kwance duk rani, sai wata damana.

Mene ne maganinta?

Akwai wani ɗan ƙwaro, dangin zanzaro, wanda bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Masana suna ce masa Habrobracon hebetor. Ba baƙo ba ne, yana nan cikin dajinmu. Macen tana harbin murzuna, murzuna ta sandare. Sai ta yi ƙwai bisa jikinta. Ƴaƴan su fito su cinye ta. Wannan ƙwaro ba ya cin hatsi, ba ya cutar mutum ko dabba.

Amma rani yana rage shi. Kafin ya yi yawa, murzuna ta riga ta gama ɓarna. Don haka masana suke kiwonsa a ɗaki, su sake shi da wuri. An fara wannan aiki cikin garuruwa a 2006, a Nijar da Burkina Faso da Mali.

Yaya ake sakinsa?

Ana sa hatsi cikin ɗan buhun algarara, da tsutsotsi 25 na kiwo, da macen ƙwaron guda 2. Gari guda yana samun buhu 15. Ana rataya su kusa da gonaki, a kare su daga ruwan sama. Bayan kamar kwana 8, sababbin ƙwari suna fara fita ta kafofin buhun, su watsu cikin gonaki. Ba su san iyakar gona ba, shi ya sa aikin na gari duka ne.

Abin da manomi zai kiyaye

1. Ya riƙa duba zangarniya tun hatsi na bununi.
2. In ya ga murzuna, ya sanar da malamin gona nan da nan.
3. Kada ya fesa maganin ƙwari inda aka rataya buhu. Maganin zai kashe mai taimakon.

Tambayoyi

1. Ina murzuna take ɓuya da rani?
2. Don me ba a fesa magani bayan an saki ƙwaron?
3. Gari 6 suna son buhu 15 kowane. Buhu nawa ke nan?