Ƙirga Gefe, Duba Kusurwa

Yaro yakan dawo daga firamare da aikin gida: malam ya zana siffofi a takarda, ya ce a ware su, kowace da danginta. Uwa ko uban da bai yi boko ba yana iya taimaka masa, domin abu biyu kawai ake nema. A ƙirga gefe, a duba kusurwa.

Gefe shi ne miƙaƙƙen layin da ya yi wa siffa iyaka. Kusurwa kuwa ita ce inda layi biyu suka haɗu, wato abin da magina ke kira kwana. Siffa mai gefe 3 sunanta alwatika. Faifai ba shi da miƙaƙƙen gefe, ba shi da kusurwa, shi ne da'ira. Kowane rami a saƙar zuma gefe 6 gare shi. Wannan ƙirga ba ta ba yara wuya.

Aikin yana wajen kusurwa. Da digiri ake auna ta, kuma wadda aka fi amfani da ita ita ce mai digiri 90, irin ta ƙofa da littafi da bulo. Kafinta yana da ƙarfen auna ta, sukwaya, amma ba sai ka saya ba. Samo takarda, ko da yagaggiya ce. Ninka ta sau ɗaya, ka murje ninkin da farce. Sake ninkawa yadda bakin ninkin farko zai hau kan kansa daidai. Kusurwar da ta fito digiri 90 ce cif. Ba yaro ya zaga gida da ita, yana ɗorawa a kan tabarma da taga da allo. Wadda ba ta kai ta takardar buɗewa ba, tsukakkiya ce. Wadda ta wuce ta, buɗaɗɗiya ce.

Sai kuma layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, kamar ƙarafan layin dogo. Tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce ko'ina.

Da waɗannan ake raba siffofi masu gefe 4. Idan duk kusurwoyin digiri 90 ne, gefunan huɗu kuma tsawonsu ɗaya, murabba'i ke nan. Idan kusurwoyin haka suke amma gefe biyu sun fi sauran tsawo, ana ce masa murabba'i mai dari. Tutar Nijeriya haka take, takardar naira ma haka.

Yanzu ɗauko kwalin ashana, ka zare abin da ke ciki, ka leƙa bakin kwalin. Murabba'i mai dari ne. Danna shi kaɗan da yatsa ya karkace. Tsawon gefuna bai sake ba, masu fuskantar juna har yanzu ba za su haɗu ba, amma kusurwa biyu sun tsuke, biyu sun buɗe. Siffar ta bar gidanta na farko ke nan. Alwatika ba ta karkacewa haka, shi ya sa kafinta yake gitta katako daga kwana zuwa kwana a bayan ƙyaure, ko a katakon rufin kwano, domin a sami alwatika.

Akwai inda yara suka fi tuntuɓe. Idan aka juya murabba'i ya tsaya a kan tsini, sai su ce ba shi ba ne. Laifin na littattafan da kullum suke zana shi a zaune ne. Yanko murabba'i daga kwali, ka ba yaro ya jujjuya shi da hannunsa, ka tambaye shi ko wani gefe ya ƙaru. Kada ka karɓi amsar "ya yi kama da". Ya faɗi gefe nawa, kusurwa wace iri.

Idan ana fitar da harsashin gini a unguwa, ka je da yaron. Magini yana ɗaure igiya biyu a turaku su haɗu a kwana, daga kwanar ya auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, ya sa alama. In tsakanin alamun biyu ya ba da ƙafa 5, kwanar ta tsaya daidai. In bai ba da ba, sai a matsar da turke a sake aunawa.