Darasi na Bakwai: Hawan Babur a Hanyoyin Duwatsu da Kalmominsa

7.1 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba hawan babur na nishaɗi a hanyoyin da ba su da kwalta, musamman na gindin duwatsu, da irin kalmomin da Hausa ta tanada dominsa. Ana sa ran ɗalibi zai gane yadda harshe kan ɗauko tsohuwar kalma ya ɗora wa sabon abu, da kuma abin da kan salwanta a wajen wannan ɗauko.

7.2 Asalin Wasan

An fara gasar tseren babur a kan tuddai da kwazazzabai a garin Camberley na Ingila a shekarar 1924. Daga baya ta haifar da gasa iri-iri. Wadda ta fi shafar ƙasar Hausa ita ce gasar Faris zuwa Dakar, wadda aka fara a watan Disamba na 1978, ta kuma sha ratsa yankin Agadas a Jamhuriyar Nijar. An soke ta a 2008 saboda matsalar tsaro, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020.

Babur ɗin wannan wasa ƙirarsa daban ce. Tayoyinsa na da manyan haƙora masu kama ƙasa, cikinsa ya yi nesa da ƙasa don kada dutse ya fasa injin, ƙafafunsa kuma dogaye ne masu shanye girgiza.

7.3 Yadda Abin Yake a Zariya

Samarin Samaru da Sabon Gari da ke fita ayari a ranakun hutu ba irin wancan babur suke hawa ba. Na yau da kullum ne, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, waɗanda aka ƙera domin ɗaukar mutum da kaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Da su ake bin burtali da hanyoyin gonaki har gindin Dutsen Kufena, kusa da Wusasa, wurin da tarihin kafuwar Zazzau ya ratsa, inda har yanzu ake ganin kufan tsohuwar ganuwa.

Kufena falalen dutse ne mai sulɓi, ga tsakuwa a gindinsa. Hawa bai kai gangara haɗari ba, domin a gangara nauyi kan koma tayar gaba, wanda kuwa ya matse birkin gaba da ƙarfi a kan tsakuwa, tayar za ta zame ta kayar da shi. Gwanaye kan sa babur a giya ta ɗaya ko ta biyu, su bar injin ya riƙe gudun, su ja jikinsu baya, su riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan. Da damina dutsen kan ƙara santsi, hanyoyin kuma su rufe da shuka, sai a wayi gari an tattake wa manomi dawa. Amfanin fita da abokai shi ne a sami mai ɗaukar wanda ya faɗi. Illarsa kuwa, kowa na kunyar a ga ya ja baya.

7.4 Kalmomin Hawan Babur

Wasu kalmomin aro ne daga Ingilishi, an sarrafa su sun bi ƙa'idar gaɓar Hausa. A birki da kuloci da fulogi an cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu da suka zo a jere a farkon kalma, an kuma rufe kalmar da wasali. A fulogi har an musanya baƙin farko da /f/. Wasu kuwa ƙirƙira ce ta cikin gida, kamar hular kwano, ko faɗaɗa ma'ana, kamar goyo, wanda asalinsa na uwa da ɗanta ne.

Rukunin da ya fi cancantar nazari shi ne wanda aka gada daga doki. Bahaushe ya daɗe da sanin hawa, da kilisa, da sukuwa, da zamiya, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911. Da babur ya zo, sai aka ɗora masa wasu daga cikinsu: ana hawansa, ana kilisa da shi da yamma, a wajen rakiyar ango kuma samari kan yi da shi abin da iyayensu suka yi da dawaki. To amma kilisar doki tana da tarbiyya a bayanta. Yaro kan fara da yankan ciyawa da sharar barga, ya koyi ɗaura sirdi da riƙon linzami a hannun manya, kafin a bar shi ya yi sukuwa. Kalmomin sun ƙaura zuwa babur tare da alfaharin da ke cikinsu, horon kuwa an baro shi a barga. Ga shi kuma doki na da idon ganin rami, yakan tirje. Babur ba ya tirjewa.

Hular kwano ma misali ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya ta ranar 1 ga Janairu, 2009, har aka ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka. Malamin da ya koyar da wannan kalma a matsayin misalin harɗaɗɗen suna kawai, bai gaya wa yara abin da hular ke karewa ba, ya yi rabin aiki, domin a ajinsa na sakandare akwai masu satar makullin babur ɗin gida. Shi kansa ma, idan aka tura shi makarantar ƙauye, irin wannan hanya zai riƙa bi safe da yamma.

7.5 Aikin Yi

Ɗalibi ya ziyarci bakanike ɗaya a Sabon Gari ko Samaru, ya tattaro sunayen sassan babur guda 20 kamar yadda ake furta su a garejin, ya ware na aro da na gida, sannan ya tsara darasin minti 40 da zai gabatar da su ga ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare.