Darasi Ga Hakimai Da Malamansu: Yadda A Ke Neman Takardun Shari'ar Rabuwar Aure

Cikin koke-koken da talakawa kan kawo zauren Hakimi akwai wani wanda ba shi da hayaniya, amma sakaci da shi ya kan jawo ɓarna mai yawa, watau neman takardar da ta nuna alƙali ya raba aure. Nufin wannan darasi shi ne a nuna wa Hakimai da malamansu hanyar da a ke bi a samo irin wannan takarda, domin kada mai neman hakkinsa ya ƙare guzurinsa yana yawo tsakanin ofisoshi.

Abin Da Ya Sa A Ke Nemanta

A ɗauka ga wata mace daga unguwar Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina. Shekarun baya ta kai ƙara, alƙali ya raba aurenta, ta yi idda ta gama. Yanzu ta sami manemi, an sa rana, sai tsohon mijin ya aiko wa waliyyinta cewa shi bai san an raba ba, igiyarsa tana nan. Takardar da aka ba ta kuwa ta ɓace tun wani tashi da suka yi daga gida. Liman ba zai ɗaura aure a kan shakka ba, kuma yana da gaskiya. Mai Unguwa ya ɗauko ta ya kawo gaban Hakimi.

Ban da sabon aure, akwai gado. Bisa mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar nan ke bi, in mutum ya yi saki na kome ya mutu matar ba ta fita idda ba, tana da gadonsa. In kuwa hul'i aka yi, ba ta da shi. Saboda haka irin rabuwar da ranar da aka yi ta su ne za su nuna ko tana da rabo cikin gida da gona. Haka kuma nasabar yaro da ciyarwarsa suna rataye da wannan rana. Har rai ma ya taɓa rataya da ita. Cikin shari'ar Amina Lawal, wadda aka fara a Bakori cikin 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta ran 25 ga Satumba 2003, kuma ɗaya daga cikin hujjojin ita ce Malikiyya sun yarda ciki ya kan kwanta har shekara biyar, watau ana iya jingina shi ga mijin da aka rabu da shi.

Tambaya Ta Fari

Kafin malamin Hakimi ya ɗauki alƙalami, sai ya tambaya: an je gaban alƙali kuwa? Yawancin saki a gida a ke yinsa, ko da baki ko da 'yar takarda wadda miji ya rubuta. Irin wannan ba shi cikin littafin kowace kotu, sai fa in daga baya an kai maganar don a tabbatar da shi. Wanda ya shiga littafi shi ne hul'i da aka yi a kotu, da auren da alƙali ya raba saboda cuta, ko rashin ciyarwa, ko ɓatan miji, da kuma sakin da aka yi gardamarsa har alƙali ya ji shaidu.

Akwai kuma auren rajista, wanda a ke ɗaurawa bisa dokar aure ta Gwamnatin Tarayya. Bisa dokar 1970, Babbar Kotun Jiha kaɗai ke warware shi. Ita ta kan ba da hukunci na wucin gadi tukuna, sa'an nan ya tabbata, galibi bayan wata uku. Mai neman irin wannan sai a tura shi rajistar Babbar Kotu, a kuma gaya masa ya nemi takardar tabbatarwa ta ƙarshe, don ta farkon ba ta isa a sake aure ba.

Kotunan Sun Sake Suna

Da yawa masu nema kan ruɗe domin kotun da iyayensu suka sani ba ta nan da sunanta na dā. Wajibi ne malamin Hakimi ya riƙe wannan jeri a ka.

Zamanin En'e, kotunan alƙalai suna ƙarƙashin Sarki, an kasa su daraja huɗu, A da B da C da D, a bisansu kuma akwai Majalisar Shari'a ta Sarki. Haka a ke ciki zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944, da kuma shekarun farko na Sarki Usman Nagogo. Cikin 1956 Jihar Arewa ta yi sabuwar dokar kotunan En'e, cikin 1960 kuma aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna. Dokar soja ta 1967 ta ɗauke kotuna daga hannun En'e, ta soke kotunan Sarakuna, daga 1968 aka koma kiransu Kotunan Yanki a hannun Gwamnatin Jiha. Katsina ta zauna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna cikin 1976, har ran 23 ga Satumba 1987 da aka ba ta jiha tata. Cikin 2000 Kotunan Shari'a suka maye gurbin Kotunan Yanki.

Abin lura a nan shi ne, littattafai su kan bi kotun da ta gaji wadda aka soke. Saboda haka a fara tambaya a Kotun Shari'a da ke zaune a garin da aka yi hukuncin. In an ɗaukaka ƙara, to, akwai kwafi na biyu a kotun sama, don ba a jin ɗaukaka ƙara sai an aika da abin da kotun ƙasa ta rubuta.

Abubuwa Huɗu Da Za A Tattara

Rajistara ba zai iya buɗe littattafan shekara talatin yana neman mace guda ba. Sai an taimake shi da abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kotu. A tambayi garin da aka yi shari'ar, da unguwar da kotun ta ke, da sunan alƙalin in an tuna. A birni kotu ba guda ba ce, kuma zaman mace a Ƙofar Marusa yau bai nuna nan ta ke sa'ad da ta kai ƙara ba.

Na biyu, shekara. Tsofaffi ba safai su ke riƙe lissafin shekara ba, amma suna riƙe da abin da ya auku. Malami sai ya tanadi jerin alamu: rasuwar Sarki Dikko 1944, zuwan Sarauniya 1956, samun mulkin kai 1960, kisan Sardauna 1966, komawa tuƙi hannun dama 1972, canjin kuɗi 1973, rasuwar Sarki Nagogo 1981, rasuwar Sarki Muhammadu Kabir 2008. Sa'an nan ya tambayi ko da damina ne ko da rani, ko kusa da azumi. In an ba da shekarar Hijira, ya tuna ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana goma sha ɗaya, 1380 ta kama cikin Yuni 1960, 1400 kuma cikin Nuwamba 1979.

Na uku, sunaye. A gida ana kiran mace da laƙabi ko sunan rana, amma a littafi sunan yanka da na uba a kan rubuta. A rubuta duka biyu, nata da na mijin, da na waliyyi, da na shaidu.

Na huɗu, lambar ƙara. Ko da takardar hukunci ta ɓace, a sa su binciki adaka da tsofaffin kwalla, ko a dace da sammaci ko rasiɗin kuɗin ƙara. Lambar da ke jikinsu ta kan gajarta aikin mako ya koma na sa'a guda.

Yadda A Ke Roƙo

Mai hakki shi ke roƙo: matar, ko mijin, ko magajinsu, ko wakilin da suka ba takardar wakilci. A rubuta wasiƙa zuwa ga Rajistaran kotun, a zayyana abubuwan nan huɗu, a faɗi dangantakar mai roƙo da shari'ar da abin da za a yi da takardar. Mai roƙo ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya tafi da katin shaidarsa. Hakimi na iya haɗa shi da takardar gabatarwa mai cewa mutumin ƙasarsa ne, an san shi. Malami ya ajiye kwafin wasiƙar a fayil, ya rubuta ranar da aka kai ta.

Kuɗin da kotu ta yanka a biya shi ta hanyar da aka tsara, a karɓi rasiɗi na Gwamnati. Kada a miƙa wa kowa kuɗi a bakin ƙofa.

Abin da za a nema shi ne kwafi tabbatacce. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 104, ta faɗi siffarsa: ma'aikacin da littafin ke hannunsa ya rubuta a ƙarshensa cewa kwafi ne na gaskiya, ya sa kwanan wata, da sunansa, da muƙaminsa, da hatimi in yana da izinin bugawa. Hoton takarda kurum, wanda ba shi da waɗannan, Babbar Kotu ba za ta karɓe shi ba. Kafin a bar kotu a karanta wa mai roƙo abin da aka rubuta, a duba sunaye, da ranar hukunci, da irin rabuwar. In za a kai takardar waje, kamar Maraɗi inda aikin ofis da Faransanci a ke yinsa, sai an fassara ta, kuma a kan nemi tabbatarwar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja.

In Littafin Ya Tsufa

Wani lokaci jika ne ke neman shari'ar kakarsa saboda rikicin gida. Littattafan alƙalai na farkon zamanin En'e da Larabci a ke rubuta su, don haka sai a tafi da malamin da ya iya karatun rubutun hannu irin na dā. Kuɗin hul'i kuma da fam da sule ne. Sule ashirin fam guda, fam guda kuma ya zama naira biyu cikin 1973.

In kotu ta rasa, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, inda takardun lardunan Arewa su ke. Mai zuwa Kaduna ya sani Katsina tana cikin Lardin Kano har 1926, ta koma Lardin Zariya, sa'an nan ta zama lardi na kanta cikin 1934. Takarda tana ƙarƙashin lardin da Katsina ta ke a shekarar da aka rubuta ta.

In Ba A Samu Ba

Gara da ruwan sama da ƙaura daga gini zuwa gini sun ci littattafai da yawa. In an bincika an rasa, a roƙi Rajistara ya ba da amsa a rubuce. Da ita sai a koma gaban alƙali da shaidu biyu adalai waɗanda suka san rabuwar, a kira ɗaya ɓangaren, alƙali ya tabbatar, ya ba da sabuwar takarda. Matar Ƙofar Marusa ko ta nan ta bi, za ta sami abin nuna wa liman.

Gargaɗi

Tausayi kan sa malami ya rubuta takarda da hatimin Hakimi cewa wance ba ta da aure. Lalle a guji wannan. Tun daga 1968 shari'a ta fita hannun masarauta, kuma in aka ɗaura aure a kan irin wannan takarda daga baya ta warware, an yi aure kan aure, an jefa nasabar 'ya'ya cikin gardama, sunan Hakimi kuma yana ƙasan takardar. Aikin Hakimi shi ne ya nuna hanya, ya gabatar, ya bi sawu.

Na biyu, sirri. Littafin shari'ar aure cike ya ke da maganganun da ma'aurata suka faɗa don tilas. Malamin da ya ɗauki abin da ya karanta ya kai majalisar hira ya ci amana, kuma zai hana wata mai kunya zuwa neman hakkinta.

A ƙarshe, ya kamata Hakimai su umurci Dagatai da Masu Unguwanni su riƙa faɗakar da jama'a, duk wadda aka raba aurenta a kotu ta karɓi takardarta tun ranar, ta ba waliyyinta kwafi guda ya ajiye.

Tambayoyi

1. Wane irin saki ne ba a samunsa a littafin kotu?
2. Tsohuwa ta ce an raba aurenta shekarar canjin kuɗi. Me a ke kiran kotun a lokacin, kuma ina za ka fara nema?
3. Faɗi abubuwan da ke mai da kwafi ya zama tabbatacce.
4. Don me Hakimi ba zai ba da takardar rabuwar aure da hatiminsa ba?