Wayar Sakatare Ita Ce Ofishin Ƙungiya: Yadda Za Ku Tsare Bayanan Mutanen Da Kuka Rubuta

 Darasin yau na 'yan ƙungiya ne, musamman matasan da aka ɗora wa aikin sakatare ko na yaɗa labarai saboda kawai su ne suka iya waya. Ko ƙungiyar ci gaban gari ce a Getso, ko ta tallafa wa marayu a Garo, ko ta masu bibiyar ayyukan mazaɓu a Kabo da Gwarzo, matsalar iri ɗaya ce. Ƙungiyar ba ta da ofis, ba ta da kwamfuta, duk sirrinta yana cikin wayar mutum ɗaya, wayar da ake barin ta a shagon mai caji tun safe har azahar.

Bari in fara da kuskuren da ni kaina na tafka, don kada ka ɗauka labarin ƙasar waje nake ba ka.

Wata ƙungiyar matasa a yankinmu na Gwarzo ta taɓa roƙo na in haɗa mata fom ɗin Google, za a rubuta iyayen marayun da za a ba tallafin azumi. Na sa gurbin suna, unguwa, lambar waya, lambar asusun banki, har da NIN da BVN, don shugaban ya ce a sa komai kada daga baya a ce a dawo. Da amsoshi suka taru, sai na buɗe takardar yadda duk wanda ya samu liƙau ɗinta, wato adireshin da ake latsawa, zai iya gani. Niyyata ma'aji ya duba cikin sauƙi. Shi kuma ma'aji ya tura liƙau ɗin guruf, daga guruf ya yi gaba. Ba a yi sati biyu ba aka fara kiran matan nan, ana faɗa musu sunansu da unguwarsu da adadin 'ya'yansu, ana cewa an zaɓe su, su karanto lambar da ta shigo musu. Wata baiwar Allah ta karanta, aka kwashe ɗan abin da ke asusunta, kuɗin da take juya sana'ar ƙuli-ƙuli da shi. Babu wanda ya yi mana kutse. Ni na bar ƙofa a buɗe, kuma wadda ta yi asarar ba ta ma san mene ne fom ɗin Google ba.

Kada ka ce ai mu ƙanana ne, wa zai kula mu. Ɗan damfara ba girman ƙungiya yake dubawa ba, jerin sunaye yake nema, kuma jerin mabuƙata ya fi masa daɗi domin mai jiran tallafi ba ya musu da wanda ya kira shi da sunansa. Manyan ma ba su tsira ba. A watan Janairun 2022 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, wadda hedikwatarta ke Janiba a Suwizalan, ta sanar cewa an kutsa rumbunta an kai ga bayanan mutum fiye da 515,000, cikinsu har da waɗanda yaƙi da ƙaura suka raba da danginsu. Masu kutsen sun shiga ne ta wata kafa a manhajar da ba a sabunta ba, suka yi kimanin kwana 70 a ciki kafin a farga.

Me doka ta ce?

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC a Abuja, ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Kafin ita akwai ƙa'idar da hukumar NITDA ta fitar a 2019. Dokar ba ta ce sai kamfani ko banki ba. Duk wanda ya yanke shawarar tattara bayanan mutane da abin da za a yi da su ya shiga ciki. Wanda aka ɗauke wa shi ne mai ajiye bayanai don harkar kansa da ta gidansa kawai, kamar lambobin 'yan uwa da ke wayarka. Rajistar marayun unguwa ba harkar gidanka ba ce.

Abin da ta nema a wurinku ba shi da wuyar fahimta. Ku faɗa wa mutum dalilin karɓar bayaninsa, ku tsaya kan wannan dalilin. Ku karɓi iya abin da aikin ke buƙata. Kada ku riƙe shi bayan aikin ya ƙare. Ku tsare shi. Mutum yana da ikon tambayar abin da kuka rubuta a kansa, ya sa a gyara, ko ya janye yardarsa. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa, yardar mahaifi ko mariƙinsa ake nema. Sannan akwai bayanan da dokar ta ware ta ce masu tsauri ne, irin su lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa da zanen yatsunsa. Idan kuna rubuta masu ciwon sikila ko masu lalurar yoyon fitsari don a nema musu taimako, to kun taɓa wannan rukunin.

Idan bayanan suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, dokar ta ba da awa 72 daga lokacin da kuka sani ku sanar da hukumar, in kuma haɗarin babba ne ku gaya wa mutanen da abin ya shafa ba tare da jinkiri ba. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ta manyan kuma naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100. Ba a takarda kawai abin ya tsaya ba, a watan Agustan 2024 hukumar ta sanar da cin tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8. Kuma kada kalmar "manya" ta ruɗe ka: a jagorar da hukumar ta fitar a Fabrairun 2024 ta sa mai sarrafa bayanan mutum fiye da 200 cikin wata shida a sahun waɗanda aka so su yi rajista da ita a lokacin, ko a littafi yake rubutawa ko a kwamfuta. Rabon kayan azumi guda ɗaya ya isa ya haura wannan adadin.

Ni dai a ganina, ba tarar ce za ta fara cim ma ƙungiyar ƙauye ba. Abin da zai fara zuwa shi ne ranar da wata babbar ƙungiya mai ba da tallafi za ta turo muku takardar tantancewa. Da can takardar rajistar CAC da ta SCUML ake tambaya. Yanzu sukan ƙara da cewa ina rubutacciyar manufarku ta kare bayanai, wa ke riƙe da kalmar sirri, me kuke yi in waya ta ɓata. Wanda ba shi da amsa sai ya ga an wuce shi.

Rage abin da kuke karɓa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne arha, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin ka sa gurbi a fom, tambayi kanka me za a yi da amsar. Za a raba shinkafa hannu da hannu? Suna da unguwa sun isa. Za a tura kuɗi? Lambar asusu da sunan banki sun isa, babu buƙatar BVN wajen tura wa mutum kuɗi. Hoton katin NIN kuma, in ba wanda zai ba da tallafin ne ya shar'anta a rubuce ba, ku bar wa mai shi abinsa. Abin da ba ku karɓa ba, ba za a sace shi a hannunku ba.

Idan kuma kun je shagon buga takardu a fitar muku da jerin sunaye, ka tsaya a goge fayil ɗin a gabanka, har daga kwandon sharar kwamfutar, kuma ka fita daga imel ɗinka kafin ka tashi. Takardun da suka lalace wajen bugawa ka taho da su. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗe mini a takardar da ke ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane.

WhatsApp da layin waya

Mafi yawan ƙungiyoyinmu a WhatsApp suke taro, a nan ake tura rasit, a nan ake sanar da asusun karo-karo. Hanyar da ake ƙwace shi kusan kullum ɗaya ce. Wani zai kira ka cikin ladabi, ya ce shi ɗan guruf ɗinku ne, za a yi taro ta intanet da yamma, an turo maka lamba shida ka karanto masa don a sa ka a ciki. Wannan lambar ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Da zarar ka faɗa, ya hau akawun ɗinka a wayarsa, ya fara roƙon kuɗi da sunanka, in kai admin ne ya cire sauran ya mallake guruf ɗin.

Maganin bai kai minti biyu ba. Ka shiga saitin WhatsApp, sashen akawun, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lambar sirri shida wadda ba shekarar haihuwarka ba ce, ka haɗa da imel ɗinka. Ka kuma leƙa sashen na'urorin da aka haɗa, in ka ga kwamfutar da ba ka sani ba ka cire ta. Idan an riga an ƙwace, ka sake rajista da lambarka, sabuwar lamba shida za ta shigo layinka, shigarka kuma za ta fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin, za ka iya jiran kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. Masu amfani da GB WhatsApp da 'yan uwansa, don Allah ku raba shi da aikin ƙungiya. Ba kamfanin ne ya yi shi ba, ba ka san wanda ya taɓa cikinsa ba, kuma ana rufe akawun saboda shi.

Layin kansa ma yana buƙatar makulli. Ɓarawon waya a kasuwa ko a tasha sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba, sim ɗin yake so. Zai sa shi a ƙaramar waya, ya danna *565*0# BVN ɗinka ya fito, daga nan ya fara laluben banki. Ka sa wa sim ɗin lambar sirri daga saitin tsaro na wayar. Ka kula, in ka yi kuskure sau uku zai kulle sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin. Layin da ke karɓar saƙon asusun ƙungiya shi ya fi cancantar wannan kafin kowanne.

Masu bibiyar ayyukan gwamnati

Nan ne abin ya fi nauyi. Matasa da yawa yanzu suna aiki irin na Tracka ta ƙungiyar BudgIT, ko Follow The Money da Hamzat Lawal ya jagoranta tun lokacin gubar dalma ta Bagega a Zamfara. Za ka je ka ɗauki hoton ajin da aka ware wa kuɗi ba a yi rufi ba, ko asibitin da babu magani, ka ji ta bakin malami ko ma'aikaciyar jinya. A gari irin namu da kowa ya san kowa, sunan wanda ya yi maganar in ya fita zai iya jawo masa canjin wurin aiki ko gaba da masu ƙarfi. Kai ka tafi gida, shi yana nan.

Don haka kada ka ajiye murya ko bidiyo da sunan mai maganar. Ka ba shi lamba, jerin da ke fassara lambobin ya zauna a wani wuri daban. Ka san cewa hoto yana iya ɗauke da ainihin wurin da aka ɗauke shi in ka bar kyamara tana amfani da taswira. WhatsApp yana cire wannan bayanin idan ka tura a matsayin hoto, amma in ka tura a matsayin fayil yana tafiya da shi. Wani lokacin kana son wurin ya fito don ya zama hujja cewa ginin na nan, wani lokacin kuma hoton a tsakar gidan wanda ya tsegunta maka aka ɗauka. Ka bambance kafin ka tura. Hirarku da irin wannan mutumin kuma ka kunna mata saƙo mai ɓacewa, akwai na awa 24, na kwana 7 da na kwana 90.

Ranar da sakatare ya sauka

Ƙungiyoyi da dama sun rasa shafinsu na Facebook da imel ɗinsu ba don kutse ba, sai don an yi zaɓe, tsohon sakatare ya yi fushi ya tafi da kalmar sirri. Ku buɗe imel da sunan ƙungiya, fom da takardu su zauna a can, a ba mutum biyu ko uku izini ta imel ɗinsu, ba ta buɗaɗɗen liƙau ba. Wanda ya sauka a cire shi a ranar, a canza kalmar sirri. Wayar da za a kai gyara, ko a Gwarzo ko a kasuwar Farm Centre, a cire sim da katin ajiya, in da hali a fita daga imel ɗin ƙungiya tukuna. Saƙon sabunta manhaja da kake ta ɗagawa don tsoron cin data, ka tuna ta irin wannan kafar aka shiga Red Cross.

Rubutacciyar manufar da masu tallafi ke tambaya ba sai lauya ya rubuta muku shafi ashirin ba. A taronku na gaba ku ɗauki takarda ɗaya ku amsa da Hausa: wane bayani muke karɓa kuma don me, a ina yake ajiye, su wa ke iya gani, yaushe za mu goge, wa za a fara kira in waya ta ɓata, kuma wa zai sanar da hukuma da mutanen cikin awa 72. Shugaba da sakatare su sa hannu da kwanan wata. Sai ku ƙara layi biyu a saman kowane fom, waɗanda za a karanta wa wanda bai iya karatu ba kafin a rubuta sunansa: ga dalilin da muke karɓa, ga lambar da za ki kira in kina so a cire ki, kuma babu wani ɗan ƙungiyarmu da zai taɓa kiran ki ya ce ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki.