Ƙaramar kwamfuta ta Netbook: abin da mai saye zai duba kafin ya biya

A shekarar 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fito da Eee PC 701, 'yar kwamfuta mai allo inci 7 wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Acer Aspire One da Samsung NC10 suka biyo baya, aka yi ta rububinsu. Zuwa 2013 Asus da Acer sun daina ƙera irinsu, amma har yau suna nan a shagunan kayan hannu, da araha mai jan ido.

Araha kuwa ba ta ado. Yawancin waɗannan tsofaffi na ɗauke da Intel Atom da RAM gigabait 1, kuma ba sa karɓar fiye da 2. Ɗalibin da zai buga takardar furojet, ko malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa a Excel, za su same ta daidai, tana shiga jaka tare da littattafai. Wanda kuma yake son taron Zoom, ko buɗe shafukan intanet da yawa lokaci guda, zai zauna yana kallon allo ya daskare. Ga matsalar tsaro a tsofaffin Windows da suke zuwa da su: Microsoft ta daina sabunta Windows XP a 2014, ta daina na Windows 7 a 2020, don haka shiga asusun banki da su ganganci ne. Mafita ita ce a ɗora mata Linux mara nauyi, kamar antiX, a kuma cire tsohon faifan ajiya (hard disk) a sa SSD.

A shago, batir ne farkon abin gwaji. Mai saye ya sa a zare caja, ya kunna bidiyo, ya tsaya minti ashirin yana duba yadda caji ke sauka; inda wuta ba ta da tabbas, batirin da ya mutu ya kashe amfanin na'urar gaba ɗaya. Sai ya buga layi biyu ko uku da hannunsa, domin maɓallan sun fi na babbar kwamfuta matsewa, mai manyan yatsu yakan sha wuya.

Wanda aljihunsa zai iya, gara ya ƙara kuɗi ya sayi mai allo inci 11.6 da RAM gigabait 4. Tsohuwar Netbook ta rubutu ce da lissafi, kuma a wannan aikin kaɗai ta cancanci kuɗinta.